Banki ya kwashe kuɗin adashin da ke hannuna, ta ina zan fara neman haƙƙina?

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya gida ya ƙoƙari. Allah Ya saka da alheri bisa wannan fili, Ya ƙara basira.

Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yana huɗu. Da ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, maigidana kuma direban motar haya ne tsakanin Kaduna da Zariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sana'arsa ta fara tangal-tangal, abin da yake kawowa gida ya koma rabi, wata rana ma bai kai ba. Da kuɗin haya ya matso a watan Oktoban shekarar, sai na karɓi bashin albashi na naira 250,000 a bankin da makarantarmu ke biyanmu ta cikinsa, a kan za a riƙa cira duk wata har shekara guda. Ana cira lafiya lau, har zuwa ƙarshen zangon Yulin 2024 da makarantar ta ce iyaye sun janye yara da yawa, dole ta rage malamai. Ina cikin waɗanda abin ya shafa. A lokacin saura naira 71,000 a kaina, uwar kuɗi da ruwanta.

Tun farko ina so ki sani, Hajiya, ban taɓa musun wannan bashi ba. Na je da ƙafata na shaida wa jami'in da ya yi min takardun cewa aiki ya tafi, na nuna masa takardar sallama, na roƙi a sassauta min in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya ce zai duba. Daga nan ban sake jin komai ba, sai saƙon waya lokaci-lokaci cewa in biya. Yanzu awara da zoɓo nake yi a ƙofar gida, abin da ake samu cefane ne da kuɗin makarantar yara, su ma biyu mun mayar da su ta gwamnati.

Matan layinmu goma muna adashi na naira 10,000 duk wata, ni ce uwar adashi. Da yake yawancinsu tiransifa suke yi, sai nake tara kuɗin a asusuna na ajiya da ke wani banki daban, wanda babu abin da ya haɗa shi da bashin nan. A watan Mayun 2025 mutum takwas sun zuba, ga kuma 'yan kuɗin jarina 14,000 a ciki, sai na wayi gari alat ya shigo an kwashe 94,000 kaf. Wadda take da ɗauka a watan mijinta ya rasu, kuɗin kayan ɗakin 'yarta take jira. Hajiya, ke mace ce, kin san yadda maganar uwar adashi ke yawo a unguwa. Babu wadda ta zage ni ido da ido, amma gaisuwa ta canza. Sai da na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen da na gada wajen Inna kafin na cika mata kuɗinta.

Bankin da aka cire kuɗin ya ce ba ruwansa, umarni ne ya zo daga bankin da ke bina. Can kuma aka ce ai na sa hannu. Aka fito min da takarda mai suna GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, wanda ya bai wa banki damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biyan bashi, ya ɗauki kuɗi a duk asusun da yake da shi a wasu bankuna. Sa hannuna ne kuwa, yana cikin tarin takardun da aka miƙo min ranar karɓar bashin. Har wa yau suka ce saura 9,000 a kaina, domin an ɗora min tarar jinkiri ta 3,200 duk wata har wata goma.

Da na bari a nan, don maigidana cewa ya yi in bar su da Allah, wai talaka ba ya shari'a da banki. To akwai ƙanina da ke karatun akanta a kwalejin kimiyya da fasaha, shi ya ce Yaya, karɓo takardar bayanin asusunki ta shekara biyu mu gani. Ita ma sai da aka caje ni naira 20 a kowane shafi, ya ce wannan kam ƙa'ida ta yarda idan kai ka nema ta musamman. Ya zauna da ita da wani kundi na Babban Banki da ya sauko a waya, wanda ya jera iyakar abin da banki zai iya caja a kan kowace hidima, ya ce tun 1 ga Janairun 2020 ya fara aiki. Layi-layi ya bi, yana sa alama da jan biro.

Wasu cajin ya ce babu yadda za mu yi da su, haka ƙa'ida take a lokacin. Naira 10 idan ka tura abin da bai wuce 5,000 ba, 25 daga nan zuwa 50,000, sannan 50 a sama da haka, kowanne da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai. Naira 50 da a wancan lokacin ake cira duk sanda aka turo min 10,000 ko fiye, ya ce wannan na gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi mata. Naira 6.98 na lambar da ake dannawa a ƙaramar waya. Kuɗin alat da ya tashi daga naira 4 zuwa 6 bayan kamfanonin waya sun ƙara farashi. Ga naira 100 a kan kowace 20,000 idan ka cire a na'urar ATM ta wani banki, tun Maris 2025 da aka soke cirewa uku kyauta a wata. Duk halal ne a wajen hukuma. Amma mai sayar da awarar ɗari biyu da ake biya ta tiransifa ita ta san abin da suke yi wa riba, kamar ɓera ne a rumbu, ba ka ganin ranar da ya ci sai ranar awo.

Inda jan biron ya yi yawa shi ne dalilin wasiƙar nan. Asusun albashina irin na shige-da-fice ne, ba na ajiya ba, kuma kundin ya ce irinsa ba a cajin kuɗin kula da kati, tunda ana karɓar naira ɗaya a kan kowace dubu da ta fita da sunan kula da asusu. Ko a asusun ajiya ma naira 50 ce sau ɗaya a wata uku. Ni kuwa duk wata ake cire min 50 da harajinta, shekara biyu cur. Ya nuna min inda ake cajina kuɗin alat a kan saƙon da ke sanar da ni cewa banki ya cire cajinsa, alhali alat ɗin da ake biya na hada-hadar da mai asusu ya yi ne da kansa. Kuɗin tsara bashi, kashi ɗaya cikin ɗari da ake karɓa sau ɗaya, wato 2,500, ni sau biyu aka cire. Sannan ga wata 20,000 da na'urar ATM ta riƙe min gab da Sallah, ta cire a asusu ba ta ba ni ba. Na cike fom a lokacin, aka ce za ta dawo da kanta. Ƙa'ida ta ce awa 48 idan na'urar wani banki ce. Har yau shiru.

Babbar kuwa ita ce tarar. Ƙanina ya ce iyakar tarar jinkiri kashi ɗaya ne cikin ɗari a wata a kan abin da ba a biya ba, wato wajen 710 ke nan a kan 71,000, ba 3,200 ba. Kuma ya karanta min a ƙa'idar GSI cewa uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda a ɗauka ta wannan hanya, ban da tara. Idan haka ne, 71,000 ya kamata su taɓa, ba 94,000 ba. Ko da an bar musu tarar da ta dace sun riƙe, da sauran wajen 16,000 nawa a hannunsu. Ya haɗa duka ya ce abin da nake binsu ya haura 40,000. Su kuma suna cewa su ke bina 9,000.

Na san a wajen wasu 40,000 kuɗin man mota ne. A gidana jarin wata biyu ne na waken suya da mai da gawayi.

Na koma reshen bankin da ke bina da takardar a hannu. Yarinyar da ke teburin sauraron koke ta yi min fara'a daidai gwargwado, ta duba kwamfuta ta ce na'ura ce ke cira da kanta, su ba su da iko. Na ce to wa ke da iko da na'urar? Ta ce hedikwata a Legas. Na nemi ganin manaja, aka ce yana taro. Wani dattijo a layi ya raɗa min cewa in daina ɓata bakina, maganar baki ba ta shiga fayil. Ƙanina ma haka ya ce: a rubuta koke, a kai, a buga hatimi a kwafina, a ba ni lambar bibiya. Ya ce ana ba banki mako biyu, amma idan kan bashi ne ko cajin da ya wuce ƙima kwana 30 ne, in bai warware ba sai a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ko ta imel ko ta reshensu na jiha. Ya ce akwai tarar naira miliyan 2 a kan duk bankin da ya saɓa wa kundin cajin, kuma mutum na da shekara shida kafin lokacin kai kokensa ya wuce.

To Hajiya, yaro ne mai ƙoƙari, amma a takarda ya san abin, bai taɓa yi ba. Ni kuma ina da tsoro. Maigidana ya ce idan na tsokano su za su sa sunana a jerin marasa biyan bashi, in zo neman wani tallafi ko rance nan gaba a ce ba ni da tarihi mai kyau. Ni a ganina ai sun riga sun sa, tunda a littafinsu har yanzu ana bina, kuma wannan 9,000 ɗin kullum ƙaruwa za ta yi in na yi shiru. Shin kai koke yana tsayar da tarar har a gama bincike, ko sai na biya tukuna sannan in nemi a dawo min? Idan sai na biya, ba ni da ita. Kuma yanzu ko sisi ba na iya bari a asusu, don kada a sake kwashewa. Adashin ma an karɓe shi daga hannuna an ba wata, ban ga laifinsu ba.

Abu na biyu da ke cina shi ne maganar halin da nake ciki. Na kai takardar sallama tun kafin a fara ɗora tara, na nemi sassauci, ba a ce e ba ba a ce a'a ba. Shin akwai wata dama da mutumin da aiki ya kuɓuce masa yake da ita a doka, ta a sake tsara masa biya ko a yafe tarar, ko kuwa alfarma ce sai banki ya ga dama? Kuma a cikin abin da aka cire ranar ba da bashin akwai kuɗin inshora. Ba a ba ni takardarta ba. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta ce tata ta haɗa da rasa aiki, ba mutuwa kaɗai ba. Idan tawa ma haka take, ashe tun farko inshorar ce ya kamata ta biya wani abu. Ta yaya zan sa su nuna min abin da na saya da kuɗina?

Game da kuɗin adashin, na san a sunana suke, na'ura ba ta san na wane da wane ba. Amma ina da littafin zubi, kuma sunan kowace mace ya fito a tiransifarta da 10,000 cif a mako guda. Yana da amfani in sa wannan a koken, ko zai raba hankalin masu dubawa ne in rasa duka? Ƙanina na ganin a tsaya kan lissafi kawai. Ni kuwa wannan ne ya fi yi min ciwo, don shi ya taɓa mutuncina.

Sai kuma wadda nake so ki miƙa wa malaman da kike gayyata. An ce idan aka tabbatar banki ya caji fiye da ƙima, yana dawo da kuɗin ne tare da ruwa a kai. Uwar kuɗin haƙƙina ce, ba ni da shakka. Ƙarin fa? Wata malama a islamiyyarmu ta ce in fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar lada ba. Surukata ta ce wace mabuƙaciya ce ta fi ni, kuma ai diyyar ɓarnar da aka yi min ce. Ban so in sa wa yarana abin da zai dame ni daga baya.

Baban yara bai hana ni ba, amma bai ba ni goyon baya ba, ya ce kuɗin mota da na buga takardu kaɗai za su cinye rabin abin da nake nema, kuma ba ya son a riƙa ganina a ofisoshi ina jayayya. Ina so in bi abin ba tare da ya zama sanadin ɓacin rai a gida ba. Idan akwai hanyar da za a yi komai a rubuce ta waya ba sai na yi ta zirga-zirga ba, ki taimaka ki fayyace min ita dalla-dalla, da abin da ya kamata in rubuta, da takardun da zan haɗa, da harshen da za a karɓa, don Turancina na aji ne ba na lauya ba. In kuma kin san inda ake taimaka wa marasa ƙarfi da irin wannan kyauta a Kaduna, ki faɗa a shirin, ina saurare. Don Allah a sakaya sunana.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
wata uwar gida daga Kaduna