Ga abin da ke cikin tukunyarmu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga 'yan uwa direbobin tirela da ke ratsewa wajenmu a kan babbar hanyar I-40 ta Amurka, tsakanin Amarillo da Albuquerque, da ɗalibai da ma'aikatan asibiti da kan biyo ta nan lokacin hutu, da duk wanda wani ya tura wa wannan takarda a waya ya ce in ka bi ta Niyu Meziko ka tsaya can, akwai ɗan gida.

Ni ne ɗan gidan da ake faɗa. Ni ne surukin masu gidan abincin, wanda kuke tararwa a bayan kanta yana karɓar kuɗi. An rubuta sanarwar sauyin da muka yi a girkinmu da farashinmu da Turanci da Sifaniyanci an manna a ƙofa, layi biyar kacal. Wannan ta Hausa ta fi su tsawo, saboda akwai bashin da ni kaɗai ake bi a cikin maganar.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi da ya yi wata da watanni yana tsayawa a nan duk sati biyu. Bai taɓa canza abin da yake ci ba: wake, shinkafa, tortiya ta fulawa guda uku, da shayi. Yakan ce mini, "Ɗana, ni dai wake da gurasar nan tasu sun ishe ni, ba ruwana da namansu." Ni kuma in yi dariya in miƙa masa canjinsa. Alhali na sani sarai cewa waken nan da kitsen alade ake soya shi, kuma da shi ake kwaɓa fulawar tortiyar. Manteka suke kiransa. Ni kaina shekara da shekaru ba na cin waken gidan, matata ce ke ware mini nawa a ƙaramar tukunya. Kullum sai in ce zan gaya masa in ya dawo. In ya dawo kuma sai in ga surukata tsaye a tagar kicin tana yi masa murmushi, sai nauyin baki ya kama ni. Kun dai san yadda mutum yake a gaban surukai, ko da a ƙasar wasu ne.

Ranar da na gaya masa, sai da na bi shi har gindin motarsa. Na ce, "Baba, akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun tuni." Ya saurara har na gama. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma kai ka sani." Ya hau motarsa ya tafi.

Ba shi kaɗai na yi wa haka ba. Duk wanda ya ci wake ko tortiya ko sopapiya, wato soyayyen kwaɓin fulawa ɗan uwan fanke, a gidan nan kafin ƙarshen damina da ta wuce, yana zaton tunda babu tsoka a faranti ya tsira, to da kitsen alade ya ci. Ba surukata ce ta ɓoye ba, ita ba ta ma san abin damuwa ne ba. Ni ne na yi shiru. Ku yafe mini.

A daren nan na zaunar da matata, ita kuma ta kai maganar gaban Mama, wato surukata, don Sifaniyancina ba ya ɗaukar magana mai nauyi. Mama 'yar jihar Ciwawa ce a arewacin Meziko, inda tortiyar alkama ta fi ƙarfi, kuma ita da marigayi mijinta suka buɗe wurin nan da tebur shida. Amsarta ta farko ita ce wake ba manteka ai abincin marar lafiya ne. Ban ga laifinta ba. Ka je ka ce wa tsohuwa a Kano ta yi miyar kuka ba daddawa, ka ji abin da za ta gaya maka. Amma da matata ta ba ta labarin dattijon, sai ta yi tsit. Kashegari na tarar ta jera tukwane uku a kan wuta.

Waken bai ba da wahala sosai ba. Ta gano in ta soya albasa a man girki har ta kusa ƙonewa, ta tsame ta, sannan ta murƙushe waken a cikin man, yana yin ƙamshin da take nema. Tortiya ce ta sha mana kai. Da man ruwa sai ta fito da tauri, in ta huce kamar fatar ganga. Da man shanu zalla ta yi daɗi amma kuɗin ba zai fita ba. Sai da aka yi kusan sati uku ana zubar da kwaɓi kafin ta tsaya a kan daskararren man girki na tsirrai da ɗan man shanu kaɗan. Wani makiyayi da ya fi shekara ashirin yana karyawa a nan ya ɗanɗana ya ce an taɓa waken. Mama ta leƙo ta taga ta ce masa likitansa zai gode mata. Har yau yana zuwa, har yau yana mita.

To yanzu ga yadda abin yake, kuma ina so ku karanta wannan wurin da kyau.

Wake, shinkafa, tortiyar fulawa da sopapiya duk babu kitsen alade a cikinsu, ga kowa da kowa, ba sai ka roƙa ba. Tortiyar masara dama can ba a sa mata kitse. Masara ce kawai da aka dafa da wani farin gari da suke kira kal, dangin farar ƙasa, wanda ke saɓule ɓawon ƙwayar ya sa garin ya yi danƙo, kusan yadda kanwa ke yi wa wake a wajenmu. Mun sayi farantin suya na biyu, da cokulansa masu koren mariƙi, kuma alade ba ya hawa kansa. A can ake soya ƙwanku da safe, don farantin farko tun asuba yake shan kitsen naman alade na masu karin kumallon Amurkawa. Man da ake soya dankali da sopapiya shi ma an raba shi.

Amma gidan nan bai zama gidan halal ba, kada wani ya je ya faɗa wa wani haka. Har yanzu ana dafa alade a kicin ɗin, kuma ana sayar da giya da yamma. Karnitas, coriso, adobada da posole duk alade ne. Tamale ma, wato ƙullin masara da ake turarawa kamar alala, Mama ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta cire masa manteka ba, haka biskocito, wato biskit ɗin da ake yi lokacin Kirsimeti, don haka ku bar su. In kun ga "al pastor" a takardar abinci kada kamarsa da shawarma ta ruɗe ku. Gaskiya ne asalinsa daga 'yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa Meziko ne, amma rago ya daɗe da sauka daga sandar, alade ya hau.

Wasu daga cikinku sun tambaye ni yadda nake iya aiki a irin wannan wuri. Tambaya ce mai kyau, kuma ni ma na yi wa kaina ita. Zan amsa wa mai so a kan kofin shayi, ba a takarda ba.

Maganar nama kuwa kashi biyu ce. Kaza da naman sa na yankan Musulmi ina ɗauko su da kaina daga Albuquerque sau ɗaya a mako, suna da wurinsu daban a firiza, kuma in sun ƙare sun ƙare sai wani satin. Sauran naman, har da na boga da wannan faffaɗan naman sa da ake tsomawa a fulawa a soya kamar kaza, daga dillalin da kowa ke saye a garin nan yake. Akwai masu ci a matsayin abincin Ahlul Kitabi, akwai waɗanda ba sa ci. Ni ba malami ba ne, nawa in gaya muku daga ina ya fito. In kana son na halal ka faɗa tun kafin a rubuta odarka. Menudo da ake yi ranar Asabar da Lahadi tumbin saniya ne da masara da jan barkono, ba ma sa masa ƙafar alade kamar yadda wasu gidaje ke yi, kuma mai kewar farfesun kayan ciki zai ɗan rage zafi da shi, sai dai shi ma tumbin ba na halal ba ne.

Sai barkono, wanda a jihar nan ba a wasa da shi. Duk abin da ka yi oda, yarinyar da ke kawo abinci za ta tambaye ka, "Ja ko kore?" Ba zolaya ba ce, majalisar jihar ce da kanta ta mayar da ita tambayar jiha a hukumance. In ka kasa zaɓa ka ce "Kirsimeti", sai a zuba maka duka biyun. Barkono ɗaya ne, mai kama da shambo amma ya fi shi kauri: in an tsinke shi ɗanye shi ne koren, in an bar shi ya nuna aka shanya shi ne jan. Namu daga kwarin Hatch yake zuwa, can kudu a bakin kogin Rio Grande. A watan Agusta da Satumba muna saye buhu-buhu, a gasa shi a wata gangar raga da ake juyawa a kan wuta a bayan gida, a ɓare, a cika firiza da abin da zai kai mu shekara. Ƙamshin gashin nan ma a 2023 jihar ta ayyana shi a matsayin ƙamshinta na hukuma. Mutanen nan da barkono sai Allah.

Abin lura a nan shi ne koren miyar gargajiya da gutsattsarin alade ake yin ta, kuma ba a ganinsu sosai in an zuba. Yanzu tukunya biyu muke yi. Ku ce "kore ba nama". Jar miyar ba ta da nama dama. Wanda ya saba da attaruhu kada ya sa ran wuta, zafin wannan a hankali yake shiga, ya fi ƙarfi a ƙamshi. Ina da yajin ƙuli a ƙarƙashin kanta ga wanda abin bai kai masa ba, kada dai ku barbaɗa a gaban Mama.

A abin sha ne na fi jin kamar ina gida. Jan ruwan nan da ke cikin babbar kwalba a kan kanta, wanda suke kira hamaika, zoɓo ne, zoɓon da kuka sani. Ranar da na fara ganinsa na yi ta dariya har matata ta zaci wani abu ya same ni. Mama ba ta yarda ba da na ce mata Meziko na sayen zoɓo mai yawa daga Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa da Kano, sai da ɗanta ya duba mata a waya. Na kusa da shi tsamiya ce. Farin kuma orcata ne, na shinkafa da kirfa, ɗan uwan kunun aya, don a Sifen inda sunan ya fito da aya ake yin sa. Duk ukun babu abin tsoro a ciki.

Yanzu maganar da ba a so. Daga farkon wata mai zuwa duk farantin da ke da naman sa zai ƙaru da dala ɗaya, na halal da dala biyu saboda man motar zuwa ɗauko shi. Mun daɗe muna dannewa. A watan Maris na 2025 ƙwai dozin ɗaya ya haura dala 6 a faɗin ƙasar saboda murar tsuntsaye, ba mu ƙara ko sisi a karin kumallo ba, har ya sauko. Na shanu kuwa ba mai saukowa da wuri ba ne. Fari da tsadar abincin dabbobi sun sa makiyaya sun sayar da shanunsu, har garken Amurka ya koma miliyan 86.7 a farkon 2025, abin da ba a gani ba tun 1951, kuma niƙaƙƙen nama ya wuce dala 6 a kan abin da bai kai rabin kilo ba. Saniya ba kaza ba ce, sai an yi shekaru kafin garke ya farfaɗo. Wake, shinkafa da tortiya suna nan a kuɗinsu. Kofi kuma in ka biya na farko, ƙari kyauta ne kamar da.

Akwai abu ɗaya da 'yan matan da ke kai abinci tebur ba za su iya gaya muku ba, ni zan faɗa tunda ni naku ne. Tukuici a nan ba alfarma ba ce. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dala 12 ne a awa, amma doka ta yarda a biya masu karɓar tukuici dala 3, a kan cewa ku za ku cike sauran. Al'adar ita ce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da ka ci. Na ga 'yan uwa da za su biya wa tebur guda kuɗin abinci don kara, su tashi ba su bar wa yarinyar da ta yi ta zirga-zirga ko dala ɗaya ba. Na san ba rowa ba ce, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Ɗakin ajiya da ke bayan banɗaki mun kwashe kwalayen da ke ciki. Akwai darduma biyu da buta, kuma na manna alama a bango, don alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba kamar yadda jiki ya saba. Filin bayan gida yana ɗaukar tirela huɗu in an jera da kyau. Muna buɗewa shida na safe zuwa takwas na dare, ban da Litinin, ranar da Mama ke hutawa ni kuma nake kan hanyar ɗauko nama. Lokacin azumi, wanda ya san buɗa-baki zai same shi a kusa da mu ya aiko saƙo tun da rana, za a ajiye masa abinci ko da mun rufe.

Dattijon nan bai sake tsayawa ba tun ranar. In akwai wanda ya san shi a cikinku, mai jar mota, yana yawan ɗauko kaya daga Oklahoma, a gaya masa an canza waken, kuma Mama ta ce farantinsa na farko ita za ta biya.

Naku,
Surukin gidan, a madadin Mama da 'ya'yanta