Yawon Sallata a Duwatsun Cinkwe Terre

La Sipeziya, Italiya
Ranar Babbar Sallah, da dare

Assalamu alaikum, Inna da Baba.

Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana. Auta, na san ke za a miƙa wa wayar, to ki karanta musu a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Na kira da safe ba a ɗauka ba, na san gidan ya kacame, ba mai jin ƙarar waya. Lafiyata ƙalau. Mun yi idi a wani zaure da aka ba mu aro, yawanci 'yan Maroko ne da 'yan Bangaladash masu aiki a wurin ƙera jiragen ruwa. Ana sallamewa kowa ya nufi aikinsa, don a nan yau ba hutu. Ni tun wata guda na roƙi maigidana ya bar mini yinin. Sai ga ni a ƙofar zaure cikin shaddar da kuka aiko, ban san inda zan dosa ba. A gida wa yake tunanin inda za shi ranar Sallah? Ƙafa ce ke kai mutum, daga gidan Kaka sai gidan Gwaggo, har magariba ta riske shi a gidan Kawu.

Na koma ɗaki na sauya takalmi, na ce nima yau sai na yi yawon Sallah.

Kusa da mu akwai ƙauyuka biyar a manne da duwatsu a bakin tekun Bahar Rum: Riyomajore, Manarola, Korniliya, Bernatsa da Monteroso. Su ake kira Cinkwe Terre, wato ƙasashe biyar. Tun 1999 gwamnati ta killace yankin ya zama gandun ƙasa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Kafin jirgin ƙasa ya ratso ta nan a 1874, mutum ko dai ya shiga kwalekwale ko ya bi turbar ƙafa ta kan dutse. Turbobin nan ne yanzu mutanen duniya ke biyan kuɗi su taka. Baba, da gaske nake, sai ka yanki tikiti kafin ka yi tafiyar ƙafa, kuma an hana hawa da silifas.

Na shiga jirgi na sauka a Korniliya. Ita kaɗai ce ba ta da tashar jirgin ruwa, tana can bisa tsauni, kuma daga tasha zuwa cikin gari matakala ce kusan 380. Daga nan na kama hanyar Bernatsa, tafiyar awa ɗaya da rabi. Turba ce siririya, wani wurin mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe. Dama dutse, hagu gangare, can ƙasa ruwa shuɗi har iyakar ganinka. Wallahi Inna da kin gani sai kin yi tasbihi. Itatuwan zaitun ko'ina, ga ragar da suke shimfiɗawa lokacin girbi an nannaɗe ta a jikin rassa.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne gonakinsu. Ƙasar ba ta da fili ko na shanya, sai kakanninsu suka sassaƙe tsaunin hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu, ba siminti ba laka, dutse kan dutse kawai, don ruwan sama ya riƙa tsiyaya ta tsakani. A kai suke shuka inabi, wanda akasari giya suke yi da shi, wannan kuma ba namu ba ne. Amma wahalar noman na santa. Har wani ɗan keke mai inji suke da shi da ke hawa kan ƙarfe guda, yana sauko da kwandunan inabi. Da matasa suka watse zuwa birane, katangu suka fara zubewa, ƙasa ta riƙa zaftarewa. Ranar 25 ga Oktoba 2011 ruwa ya kwararo da laka ya binne babban titin Bernatsa, har aka yi asarar rayuka. Wata turbar ma, tsakanin Riyomajore da Manarola, duwatsu sun rufto mata a 2012, sai a 2024 aka sake buɗe ta. Na tuna gonarmu ta bakin rafi da ba mai zuwa tun da na taho, jikina ya yi sanyi.

A tsakiyar hanya na zauna kan wani dutse na duba agogo. Sha biyu da rabi, wato sha ɗaya da rabi a wurinku. Nan fa zuciyata ta tsinke. Na san Baba ya yanka, Kawu ya naɗe hannun riga yana fiɗa, yara sun yi dafifi kowa na son ya riƙe ƙafa. Na san Inna ta ɗora kasko, hanta ce za ta fara shiga, ita da ƙoda, a barbaɗa yaji a miƙa wa Baba a faranti, shi kuma ya tsakura wa kowa a tafin hannu. Wannan 'yar hantar mai zafi da ke ƙona yatsa, ita nake nema tun safe. Gobe kuma suya, gidan duk ya ɗauki ƙamshi har tufafin da ke cikin akwati. Sannan kakide, Inna. Kakiden da kike adanawa a kwano mai murfi, a yi makonni ana zuba shi a ɗumame da shinkafa da wake. A nan doka ba ta yarda a yi yankan layya a gida ba sai a mayanka. Ka biya mahauci, a kawo maka nama a leda, a yayyanke, da sanyin firij. Halal ne, alhamdu lillahi. Amma ba ka ga ragon ba, ba ka ba shi dusa ba, kuma ba maƙwabcin da za ka aika wa da cinya.

To, na share ido na ci gaba. Kuma kada ku ce yinin baƙin ciki na yi. Duk wanda muka haɗu sai ya ce "bonjorno", ni kuma in amsa. Wata tsohuwa ta tsaya ta taɓa aikin wuyan rigata tana yabawa, na ce mata yau idinmu ne, ta yi mini fatan alheri da yarensu. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Da na ɓullo ta saman Bernatsa na hango gidaje ja da rawaya da ruwan hoda sun kewaye 'yar tashar kwalekwale, ga tsohuwar hasumiya a kan dutse, sai da na yi murmushi ni kaɗai. A can na sayi farinata, wani faifan gashi na garin wake da man zaitun, ɗanɗanonsa ya ɗan yi kusa da ƙosai. Shi ne abincin Sallata. Na ƙarasa Monteroso bayan awa biyu, hawan ya fi na farko tsanani, na wuce ta gonakin lemon tsami, na yi la'asar a wani lungu kusa da yashin teku. Ƙauye uku na taka yau, ƙofa ko ɗaya ban yi sallama ba.

Ku gaishe mini da Kaka, gaisuwa ta musamman. A ce mata carbin da ta ba ni yana aljihuna har kan dutsen nan, kuma kuɗin goronta na cikin abin da na turo, kada kowa ya taɓa. A tambaye ta ƙafar, in maganin ya ƙare a gaya mini. Ina gaida Gwaggo da Baffa da mutanen gidansu. Kawu, sannu da fiɗa. Yaya Babba, saƙonka ya iso, za mu yi magana. Maman yara, na san hidima ta hana ki zama. Ki ɗauki yaran hoto da kayan Sallarsu kafin su ɓata su da maiƙo, musamman ƙaramin, da na bari yana rarrafe yanzu an ce har masallaci yake bin Baba. Ki sa shi ya yi mini magana ko kalma ɗaya ce. A gaida Malam Liman da 'yan majalisar ƙofar gida. Auta, goron Sallarki yana nan, ban manta ba.

Inna, in an yi suya gobe ki sa a kira ni da bidiyo, a ajiye wayar kusa da murhu.

Naku,
ɗanku na Italiya