A riƙa juya bayan robar shamfu kafin a biya kuɗi

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka. Ni mai kitso ce a nan Maraɗi, don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata tunda hunturu ya kama, gashi sai bushewa yake yana kakkaryewa a bakin mataji.

Mace za ta shiga babbar kasuwa ta zube kuɗi masu yawa kan robar shamfu don kawai ta ga an zana zuma da kwakwa an rubuta karité da manyan baƙaƙe, to wallahi karité ɗin nan man kaɗanya ne, wanda ake saidawa a ƙoƙo. Ki juya bayan robar, Hajiya. Ana jera kayan haɗin ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, na farko kusan kullum Aqua ne wato ruwa, sai Sodium Laureth Sulfate ko ɗan uwansa Lauryl masu kawo kumfa, su ke wanke datti amma suna tafiya har da maiƙon da fatar kai ke fitarwa da kanta. In kin ga Butyrospermum Parkii, sunan kaɗanya ke nan, ya faɗo can ƙasa kusa da turare, ɗan ɗigo ne aka sa. Kuma ko da yawa ne, abin da za ki ɗauraye bayan minti 2 yaushe zai zauna ya yi aiki?

Ban ce duka banza ba ne. Shamfu mai gilisarin da fantenol, wato Glycerin da Panthenol a bayan robar, yana sa laushi, wanda babu salfat, wato Sulfate ɗin nan mai kawo kumfa, ya fi sauƙi ga kan da ya sha man miƙar da gashi, don wannan man yana karya ƙarfin silin gashi, wani ma soda ce a ciki. Amma bakin gashin da ya tsage babu shamfun da zai liƙe shi, sai almakashi.

Abin da nake ce ma masu zuwa wajena, a shafa man kaɗanya ko na kwakwa tun da dare, kashegari a wanke da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a cuɗa fatar kai a bar jelar gashin, kumfar da ta gangaro ta ishe ta. Ga karkashi kuma, iyayenmu da shi suke wanke kai, a jiƙa shi yauƙin nan ya warware gashi ba sai an yi ta fizga da mataji ana hawaye ba. Masu wanke ma yara kai da garin sabulun wanki, don girman Allah ku bari.

'Yan kasuwa kuma ku daina ajiye mana robobi cikin rana suna dahuwa, da waɗanda aka goge ranar ƙarewar aikinsu.

Wata mai kitso, unguwar Zariya, Maraɗi