Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni abin da manomi ya samu a Bonn

Alhaji, salamu alaikum.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo ranar Asabar, har sau biyu ka maimaita don kada ta wuce ni: wai duk yawon da nake yi a tarukan sauyin yanayi, daga Bonn ta Jamus har Baku ta Azerbaijan, wane manomi ne ya ƙaru da ko dami ɗaya na gero? Ka ɗora da cewa mu 'yan cin alawus ne, ba mu san nauyin fartanya ba. Zancen alawus na bar maka shi, ka riƙe ofis, ka fi ni sanin lissafinsa. Na fartanyar ne ya sosa ni, domin ka san gonar da na tashi a cikinta, ka kuma ci tuwon dawarta.

To bari ka ji abin da muke yi a can. Tun taron Durban na 2011 ake ja-in-ja a kan noma. Ƙasashe masu arziki so suke a jera shi cikin masu laifi: shanu na gyatsar iskar da ke ɗumama duniya, fadamun shinkafa ma na fitar da ita, don haka a rage. Mu 'yan Afirka da sauran ƙasashe masu tasowa muka ce ina, nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, ba da saniyar Bafulatani za a fara ba. Abin da ke gabanmu shi ne yadda manomi zai jure wa damina mai zuwa a makare ta ɗauke da wuri: iri mai saurin nuna, ruwan noman rani, sanarwar yanayi kafin shuka. Shekara shida ana wannan dambe kafin a samu shirin Koronivia a Bonn a 2017, wanda ya sa batun ƙasar noma, ruwa, taki da dabbobi a teburi. A Sharm el-Sheikh, 2022, aka ƙara masa shekara huɗu da sunan aiwatarwa. Da mun zauna a gida kamar yadda kake so, da wasu ne suka rubuta wa makiyayinka doka, kai kuma ka dawo rediyo kana tambayar ina muke.

Takarda ba ta cika rumbu, wannan na yarda. A Kofanhegan, 2009, ƙasashe masu arziki sun yi wa masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020 don tinkarar sauyin yanayi. Ko a lissafin masu bayarwar sai 2022 aka cika, kuma mafi yawansa bashi ne. A Baku muka nemi tiriliyan 1.3, aka tsaya a biliyan 300, shi ma sai 2035. Na fi ka jin haushin wannan, don a gabana aka yi.

Sai dai tambayarka ta ɓata hanya, Alhaji. Mutum 1,411 aka rubuta da sunan Najeriya a taron Dubai na 2023. Ban ji ka tambayi nawa ne cikinsu suka san ƙofar ɗakin da ake zancen noma ba, kuma na san dalili: akwai waɗanda ba a taɓawa idan zaɓe ya ƙarato. Ruwan da ya cinye Maiduguri a Satumbar 2024 daga madatsar Alau ya ɓalle, ba daga Jamus ba. Can kuma a Maraɗi da Damagaram, manoma sun dawo da bishiyoyi a fili kusan hekta miliyan biyar ta hanyar barin gawo da sauran tsirrai su tofo a gonakinsu. Ga darasi a maƙwabta, ko biza ba ya buƙata. Shekarun da ka yi a kujera, malamin gona nawa ka ɗauka aiki? Buhun taki nawa ya isa ƙauye kafin noman farko, ba bayan an yi girbi ba?

Watan Yuni za a sake zama a Bonn, daidai lokacin shuka. Ka zaɓi ɗaya: ko ka biyo ni ka kwana ana ja-in-ja a kan jimla guda ta yarjejeniya har asuba, ko ka same ni a gona kafin na tafi. Akwai fartanya biyu a zaure.

Naka,
ɗan alawus ɗin da ka ambata.