A koya mana harshen makiyayi tun muna aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗalibi ne a aji biyar a tsangayar likitancin dabbobi ta wata jami'a a Arewa, saura shekara ɗaya in kammala shidan da ake yi.

Shekarun farko mun sha haddar ƙasusuwan doki da jijiyoyin kare, warin maganin adana gawa yana bin tufafinmu har ɗaki. Ban raina wannan karatu ba, shi ne tubali. Malamanmu kuma hali-hali ne. Akwai wanda zai shigo ya karanto takardar da ya rubuta tun tuni, ya fita ba tare da ya ɗaga kai ya dube mu ba. Akwai kuma wani dattijon farfesa, Allah ya saka masa da alheri, wanda ba ya yarda ka ambaci cuta sai ka faɗi sunan da makiyayi yake kiranta da shi.

Ranar da ya fara kai mu ruga na gane dalilinsa. Wani baffa ya nuna mana saniyarsa Bunaji mai kumburin gwiwa, ya ce bakkale ne, kuma ta yi ɓari sau biyu. Mu da muka haddace sunan cutar da Latin muka tsaya muna kallon juna. Ashe ita ce wadda muka rubuta jarrabawa a kanta, wadda take kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. Haka sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, da kirci mai tsananta da damina, da ciwon hanta da shanu ke kwasowa a fadama. Baffan nan ya san lokacin kowace da wurin da take fakewa, mu kuma mun san ƙwayar da ke haddasa ta da maganinta. Da ba farfesa a tsakani, da kowa ya tashi da rabin saninsa.

Edita, wannan giɓi yana iya cin rai. Lokacin da cutar saifa ta ɓulla a wata gona kusa da Suleja a 2023, saƙon da ya kamata ya isa kowace ruga da mayanka gajere ne: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a ci. Likitan da ba zai iya faɗin wannan da Hausa ko Fulatanci ba, ta yaya zai tsayar da mahauci mai wuƙa a hannu? An kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, a 1924 saboda bushiya, wata annobar shanu, kuma sai a 2011 aka ayyana kawar da cutar daga duniya, bayan ma'aikata sun yi shekaru suna bin garke-garke da allura, makiyaya suna tara musu shanu domin sun yarda da su.

Don haka ina kira ga shugabannin tsangayoyinmu da hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista su sanya Fulatanci da sunayen cututtuka na gida cikin manhaja, a riƙa ba su maki kamar kowane darasi. A kuma fara kai mu ruga da kara, wato kasuwar shanu, da mayanka tun aji uku. Tunda an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024, muna fata za ta taimaka da motar fita fili, domin sau da yawa rashin mota ne ke hana malamanmu masu himma fita da mu.

Na gode.

Naka,
Wani ɗalibin likitancin dabbobi