Sanƙo Iri-iri Ne, A Daina Cutar Matasanmu Da Haɗe-haɗe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai aski ne a Tudun Wadan Zariya, shekara 22 ke nan ina riƙe da kilifa, kuma mahaifina wanzami ne, da askarsa da zabirarsa ya ciyar da mu. Sau da yawa ni ke fara ganin tsakar kan mutum ta yi shara-shara kafin mai kan ya sani, domin madubi ba ya nuna masa can.

Makon jiya wani matashi da bai kai shekara talatin ba ya zauna a kujerata, ya cire hula a hankali. Fatar kansa ta saɓule, ta yi jawur, tana tsattsafo da ruwa. Saura wata biyu bikinsa, goshi ya fara ja da baya, sai ya sayi wani haɗi a wajen mai talla a waya. Kwalbar ba suna, ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. An ce ya fara goge wurin da tafarnuwa har ya yi zafi, wai zafin ne alamar magani na aiki. Na ce masa, ƙanena, yau ba aski, tashi ka tafi asibiti. Wallahi har na rufe shago abin bai bar raina ba.

Abin da nake so mutane su gane shi ne zubewar gashi ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya fi yawa shi ne na gado. Yana farawa daga gefe biyu na goshi ko daga tsakar ka, a hankali, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Wani likita da ke aiki a asibitin koyarwa na Shika, wanda na daɗe ina yi wa aski, ya warware mini yadda abin yake. Jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin mazantaka zuwa wani sinadari da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji abin, wannan sinadari yana tsuke tushen gashi, sai gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, kamar na jariri, har ya daina fitowa. Ana gadonsa ta wajen uwa kamar yadda ake gadonsa ta wajen uba, don haka mutum ya duba kawunnansa, ba mahaifinsa kaɗai ba. Tun 1942 wani likita a Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin irin wannan sanƙon.

Saboda haka a daina ɗora wa hula laifi. Na aske dattawan da suka shekara sittin ba sa rabuwa da zanna bukar, gashinsu cunkus. Yawan aski ma ba ya ƙara gashi, ba ya rage shi. Man kaɗanya da man kwakwa suna laushin fata, ina shafa wa mutane kullum, amma ba sa farfaɗo da tushen da ya mutu. Kuma ganin 'yan silin gashi a mataji ba abin tashin hankali ba ne: kan mutum na ɗauke da gashi kusan 100,000, zubar 50 zuwa 100 a rana al'ada ce.

Akwai magunguna biyu da aka tabbatar suna aiki a kan na gado. Minoxidil na shafawa ne. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka ga masu sha suna tsirar gashi, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sanƙo a 1988. Finasteride ƙwaya ce da ke rage DHT, aka amince da ita don sanƙo a 1997. Duk biyun suna son haƙuri, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma ranar da aka daina, abin da aka samu zai zube cikin watanni. Sun fi amfani tun gashi na nan yana sirancewa. Inda ya riga ya yi sulɓi yana ƙyalli, da wuya. Ƙwayar nan kuma kada a saye ta a kemis da ka. Tana rage wa wasu tsirarun maza sha'awa, kuma mace mai ciki ba a son ta taɓa wadda ta farfashe, don tana iya cutar da ɗa namiji a ciki. A ga likita tukuna. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi gaskiya ne, daga ƙeya ake cirowa a dasa a gaba, amma kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma wanda tabonsa ke yin tudu ya faɗa wa likita tun farko.

Inda zuciyata ta fi sosuwa shi ne sauran nau'o'in, domin suna da magani amma ana ɓata lokaci. Akwai wanda zai wayi gari ya ga wuri ɗaya ya zube tas, kewayayye kamar kwabo, a ka ko a gemu. Nan da nan sai a ce sammu ne ko aljanu sun yi masa aski. Garkuwar jikinsa ce ta far wa tushen gashin, sau da yawa yana dawowa da kansa, kuma likitan fata yana da allurar da yake yi a wurin. Akwai wanda gashinsa ke zuba kamar wata biyu ko uku bayan ya tashi daga taifot ko tiyata. Wannan ma yana dawowa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna zubar da gashi, gwajin jini ke nuna su.

Sai biyun da suka shafe mu masu aski kai tsaye. Makero, wanda ya fi kama yara, yana bin kilifa da buroshi daga kai zuwa kai. Shafe-shafe ba ya kashe shi, sai an sha magani na makonni, in kuwa aka bari ya yi ruwa yana iya barin tabon da gashi ba zai ƙara fita ba. Na biyu ƙurajen ƙeya, masu tauri, da ke damun maza baƙar fata. Askin ƙwal da reza da gugar wuyan riga suna ƙara musu ƙarfi, su haɗe su zama tudu, gashin wurin ya tafi ke nan. Ni dai wanda na ga sun fara masa, ba na kai masa kilifa har fata, ko da zai yi fushi. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, mu ji tsoron Allah: a kakkaɓe kilifa a wanke bakinta da sifirit bayan kowane kai, reza ɗaya mutum ɗaya. Iyaye kuma, in da hali, a saya wa yara kilifar gida a riƙa zuwa da ita.

Roƙona gare ka, Edita, biyu ne. Duk mai kawo tallar maganin sanƙo a wannan jarida, a nemi lambar NAFDAC ɗinsa a tabbatar da ita kafin a buga. Sannan a gayyato likitan fata a shafin lafiya ya amsa tambayoyin maza da Hausa, da hotunan kowane nau'i, domin in yanke shafin in manna a jikin madubin shagona.

Na gode.

Naku,
Mai aski daga Tudun Wada, Zariya