Wasiƙa zuwa ga Baba a kan lambar wayar gidanmu ta Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida, ina sanar da ku cewa mu ma lafiya lau muke, ni da maiɗakina da jikokinku, sai godiyar Allah. Dalilin wannan takarda shi ne in yi muku bayanin sauyin da za a yi wa wayar girke ta gidanmu, wadda kuka saba kirana a kanta ranar Juma'a, domin kada labarin ya iso muku a karkace har hankalinku ya tashi. Lambar ba za ta canza ba. Wadda ke rubuce a littafinku, mai farawa da +44 20, ita za ku ci gaba da bugawa. Hanyar da murya ke bi ce kawai za ta sauya, daga tsohon layin tarho zuwa intanet.

Lamarin ya shafi ƙasar baki ɗaya. Kamfanin BT, wanda reshensa Openreach ke kula da mafi yawan layukan Birtaniya, ya yanke shawarar rufe tsohon tsarin tarho saboda na'urorinsa sun tsufa, kayan gyaransu kuma sun yi wuyar samu. Tun watan Satumba na 2023 aka daina sayar da sabon layi irin na da. Da farko an tsayar da ƙarshen 2025 a matsayin ranar rufewa, daga baya aka ɗaga wa'adin zuwa 31 ga Janairu, 2027. Saboda haka duk mai wayar girke, ko ya koma intanet ko ya haƙura da ita.

Maƙwabtanmu da yawa sun haƙura, tunda kowa na da salula a aljihu, ni kuwa na ga bai dace in saki lambar ba. Ita ce asibitin unguwa da makarantar yara da masallacinmu suka sani, ita ce kuma a hannun dattawan dangi irin su Gwaggo, waɗanda ba sa amfani da WhatsApp. Kun fi ni sanin yadda lambobin Kano masu farawa da 064 na zamanin NITEL suka shuɗe bayan zuwan salula a 2001, da yadda abokan cinikinku na nesa, waɗanda lambar shago kaɗai suka riƙe, suka rasa hanyar samunku. Ba na so wani ɗan uwa ya neme ni a ranar buƙata a ce masa babu wannan lamba.

Hanyar mayar da lambar ta yi kama da abin da hukumar NCC ta fara a Najeriya a 2013, inda mutum zai bar kamfanin salula ya koma wani da lambarsa. Na yi rajista da wani kamfanin kira ta intanet, na ba su sunana da adireshina da lambar asusuna daidai yadda suke a takardar biyan kuɗi ta tsohon kamfanin, domin harafi ɗaya in ya saɓa ana iya mayar da buƙatar. Sabon kamfanin ne ke neman lambar daga tsohon, kuma an gargaɗe ni kada in soke tsohon layin da kaina kafin a gama, don lambar na iya kuɓucewa. Akwai kuma wani tarko da mutane ke faɗawa: idan intanet ɗin gida a kan layin wayar yake, ranar da lambar ta tashi shi ma yana iya yankewa. Shi ya sa na fara sa aka jawo mana intanet mai zaman kansa, na tabbatar yana aiki, sannan na miƙa buƙatar.

Wayar da kuka gani a kan teburin falo lokacin da kuka zo tana nan a wurinta. Ranar sauyin zan cire igiyarta daga bango in soka a wani ɗan akwati baƙi wanda bai wuce tafin hannu ba, shi kuma na haɗa shi da na'urar intanet. Yanzu fitilarsa ɗaya ce ke ci, ta biyun sai ranar da lambar ta iso za ta kama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun wuta. Tsohon layi daga ofishin tarho yake samun lantarkinsa ta cikin wayar jan ƙarfe, shi ya sa ko gari ya yi duhu ana iya kira. Sabon tsarin kuwa da wutar gida yake aiki, ana ɗauke ta waya ta mutu. Ɗauke wuta ba kasafai ake yinsa a Landan ba, amma guguwar Arwen ta ƙarshen 2021 da ta Eunice ta Fabrairun 2022 sun bar gidaje masu yawa a ƙasar nan babu lantarki, wasu na tsawon kwanaki, har BT ya dakatar da aikin sauyin na wani lokaci a 2022. Hukumar Ofcom, mai kula da harkar sadarwa a Birtaniya, ta wajabta wa kamfanoni su samar wa wanda ya dogara da wayar girke hanyar kiran lambar gaggawa ta 999 na aƙalla awa ɗaya idan wuta ta ɗauke. A ganina awa ɗaya ta yi kaɗan ga tsohon da ke zaune shi kaɗai, musamman mai rataye da maɓallin neman agaji a wuya, wanda wasu irinsa ba sa aiki da sabon layin. Mu dai na saya mana batir na ajiya na haɗa da na'urorin biyu, na kuma rubuta wa kamfanin adireshin gida, domin da shi motar asibiti za ta gane inda muke idan aka kira aka kasa magana.

Amfanin da na hango shi ne lambar ta daina zama a ɗaure da gida ɗaya. Ko mun tashi zuwa wani gari za mu tafi da ita, kuma akwai manhajar da za ta sa kiran ya shigo salulata a ko'ina nake, har idan na zo Kano hutu, muddin akwai data. Sai dai ku sani cewa a wajenku kiran ƙasar waje ne har yanzu, kuɗin da ake cire muku a kati ba zai ragu ba, ko da ina zaune kusa da ku a zaure. Doguwar hira gara a ci gaba da yin ta a wayar Yaya ta WhatsApp.

An sa mana Talatar farko ta watan gobe a matsayin ranar sauyin, kuma an ce layin na iya yin shiru na wasu awanni a ranar. Idan kuka buga bai shiga ba, kada ku damu, ku neme ni a salula. Ina kuma roƙon ku gaya wa Inna da Kawu cewa duk wanda ya kira ko ya turo saƙo da wata baƙuwar lamba, yana cewa ni ne na canza layi, balle ya nemi a tura masa kuɗi, kada a saurare shi, a kira ni a lambar da aka sani a tabbatar.

Washegarin ranar, in Allah ya kai mu, ina so ku buga lambar da kanku bayan sallar Magariba, lokacin na dawo daga aiki, domin in tabbatar kiran Najeriya yana shigowa kuma kuna jin muryata sosai. Idan bai shiga ba, Yaya ya sanar da ni a daren, in bi kamfanin tun da wuri.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo da Kawu da Yaya da iyalinsa. Jikokinku suna gaishe ku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya, daga Landan.